Kalma Ɗaya, Ƙofofi Da Yawa

Malamai da akawuna na En'e sun sha yin karo da wata 'yar gajeriyar kalmar Turanci, watau "hole". Yaro yana shiga aji na uku za a ce masa ma'anarta rami, shi ke nan sai ya riƙe wannan har girmansa. To, mu kuwa muna ganin nan ne tushen kuskure da yawa cikin fassara da jarrabawa.

Ga Bature, duk inda aka sami buɗi ko zurfi cikin wani abu, kalman nan ta wadatar. Bahaushe kuwa ya rarrabe. Na ƙasa shi ne rami, na jikin tufa ko ƙwarya huji, na itace ko dutse kogo, na allura kafa, wanda a ke zuba 'ya'yan dara gurbi. In yaro ya ce rigarsa ta yi rami, ai kowa dariya zai yi masa.

Sa'an nan Turawa su kan haɗa ta da wata kalma, ma'ana ta sāke. "Keyhole" kafar makulli ce, "pothole" ramin hanya, "borehole" rijiyar burtsatse. "Pigeon-hole" ba ɗakin tattabaru ba ne a ofis, 'yan akwatunan nan ne da a ke rarraba wasiƙu ciki. "Loophole" asalinta 'yar tagar da a ke harbi ta ciki a jikin ganuwa, amma a wajen shari'a ita ce kafar da mai wayo ya ke bi ya kuɓuce wa doka. Akawun da ya fassara ta da rami ya ɓata takarda, watakila ya jawo wa mai gaskiya hasara. Masu wasan golf a Kaduna kuwa ramummuka 18 su ke bi. Masanan taurari suna da "black hole", wuri a sararin sama inda ko haske ba ya iya kuɓuta. A 2019 aka fara nuna hotonsa.

Kada a ɗauka Turanci kaɗai ke da wannan hali. Ƙofa ɗaya ce a bakinmu, ko ta ɗaki ko ta gari, alhali Bature ya raba su biyu. Zariya tana da Ƙofar Doka, Kano tana da Ƙofar Mata, duk a jikin ganuwa. Kaduna, wadda ta gāji Zungeru ta zama hedkwatar Arewa a 1917, ba ta da ganuwa irin tasu, amma ga Ƙofar Gamji a bakin kogi, inda aka ajiye gadar Lugga da aka ƙera a Zungeru a 1904. Ita ma kafa ta yi nisa, don gidan rediyo da talabijin da aka buɗe a Kaduna a 1962 yana cikin abin da mu ke kira kafofin watsa labarai.

Shawararmu ga malamai ita ce, kada a koyar da kalma ita kaɗai, a sa ta cikin jimla. A kawo allura da ƙwarya da makulli cikin aji, yara su gani da idonsu, su faɗi sunan kowane buɗi da Hausa tukuna. Akawu kuma ya karanta takarda har ƙarshe kafin ya ɗauki alƙalami, ya ajiye ƙamus na Bargery na 1934 ko na Abraham kusa da hannunsa. Allah ya sa mu dace, amin.