Grand Canyon: Kwazazzabon da Kogi Ya Haƙa a Hamadar Arizona

Grand Canyon makeken kwazazzabo ne a arewacin jihar Arizona ta ƙasar Amurka, wanda kogin Colorado ya haƙa cikin duwatsu. Tsawonsa kilomita 446 ne, faɗinsa a wani wurin ya kai kilomita 29, zurfinsa kuma ya haura mita 1,800. A 1919 gwamnatin Amurka ta mayar da shi gandun ƙasa, sannan UNESCO ta sanya shi cikin wuraren gado na duniya a 1979. Miliyoyin mutane ke ziyartarsa kowace shekara, akasarinsu a mota.

Wanda ya taso daga Las Vegas yana da tafiyar kusan kilomita 450 a gabansa, ta garuruwan Kingman da Williams, inda ragowar tsohuwar hanyar Route 66 take. Daga Williams hanya mai lamba 64 ta miƙe arewa. Matafiyi ba ya hango komai sai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da itatuwa, har ya ajiye mota ya taka zuwa wurin kallo na Mather Point. A nan ƙasa take ƙarewa kwatsam, ido ya faɗa cikin rami mai hawa-hawa, ja da ruwan ƙasa da toka-toka.

Waɗannan launuka su ne tarihin wurin. Dutsen da ke can ƙasa kusa da kogi, wanda ake kira Vishnu, ya kai shekara biliyan 1.7. Na saman, Kaibab, wanda maziyarci ke tsaye a kansa, yana da kimanin shekara miliyan 270, kuma a jikinsa ana ganin burbushin halittun teku, alhali yau yana sama da teku da mita 2,100. Yankin gaba ɗaya ne ya yi ta ɗagowa a hankali, kogin kuma yana ta yankansa da yashi da tsakuwar da yake ɗauke da su. Yawancin masana suna ganin kogin ya kama wannan hanya shekara miliyan 5 zuwa 6 da suka wuce. Ruwan sama da ƙanƙara da zaizayar ƙasa ne suka faɗaɗa bakin. Tun da aka tare kogin da madatsar Glen Canyon a 1963, jan lakar da yake kawowa ta ragu ƙwarai, shi ya sa sau da yawa ake ganinsa kore.

Gandun yana da baki biyu. Na kudu a buɗe yake duk shekara, kuma can ne jama'a suka fi yawa. Akwai motocin bas na kyauta da ke kai mutane wuraren kallo. Na arewa ya fi tudu da sanyi, ana rufe hanyarsa idan dusar ƙanƙara ta sauka. Daga wannan baki ana hango wancan, amma a mota sai an yi zagayen fiye da kilomita 300.

Haɗarin yana kan masu sauka ciki da ƙafa. Mai hawa dutse yakan sha wahalar da farko, ya huta a dawowa. A nan kuwa gangara ce ke zuwa da farko, ƙafa tana tafiya ba gardama, mutum ya yi nisa bai ankara ba, sai hawa ya same shi bayan ƙarfinsa ya ƙare. Zafi kuma ƙaruwa yake yi da zurfi: a bazara, masaukin Phantom Ranch da ke ƙasa yakan wuce digiri 40 a inuwa yayin da iska ke kaɗawa a sama. Ma'aikatan gandun suna gargaɗin kada a yi tafiya daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma a lokacin zafi, kada kuma a ce za a kai kogi a dawo a yini ɗaya. Gargaɗi ne da ya kamata a ɗauka da muhimmanci. Ruwa kaɗai ba ya isa, domin wanda ke zuba gumi yana ɗirkar ruwa ba ya cin abu mai gishiri, gishirin jininsa na iya raguwa har ya ruɗe ya faɗi. Cikin hanyoyin sauka, ta Bright Angel tana da famfo a wasu zangogi. Ta South Kaibab kuwa ba ta da ko ɗigo.

Kafin a yi gandun, wurin gidan mutane ne. Ƙabilu 11 ke da alaƙa da shi, cikinsu har da Hopi da Navajo da Hualapai da Havasupai. Wata gadar gilashi mai suna Skywalk, wadda aka buɗe a 2007, tana ƙasar Hualapai ne, a wajen iyakar gandun. Mutanen Havasupai kuwa suna noma a wani dausayi da ke kan hanyar Bright Angel har aka tilasta musu tashi, na ƙarshensu a 1928. A 2022 aka sauya wa wurin suna zuwa Havasupai Gardens bisa buƙatar ƙabilar.