Unguwar da Aka Auna da Igiya

A bayan birnin Kano, can wajen yamma, inda shekarun baya ba a ganin komai sai gero da dawa da kukoki jefi-jefi, akwai wata unguwa da na saba kai ziyara, wadda mazaunanta suka sayi filayensu daga hannun magadan manoma ta hanyar awon igiya, watau dillali ya ja igiya ya yanka gona fuloti-fuloti, ba tare da hukumar tsara birni ta sa hannu ba. Da yake kowane taku na ƙasa kuɗi ne, abin da aka bar wa hanya kaɗan ne ƙwarai, kuma inda gonar wani ta ƙare nan layi yake mutuwa, domin maƙwabcinsa ya yi nasa awon a wata shekara dabam, bai kuwa dubi inda layin ɗan'uwansa ya fuskanta ba.

Ran nan bayan sallar la'asar na ga an ɗauko makara. Maƙabarta tana nan bayan wata katanga, har ana hangen itatuwanta, amma sai da jama'a suka fita bakin kwalta, suka ratsa tsakanin 'yan adaidaita sahu, suka sake shigowa ta wani layin, ana ta karɓa-karɓa, dattawa suna haki. Haka mai kurar ruwa yake wannan zagaye kullum, ya ɗora ladan wahalarsa a kan kuɗin jarka.

Abin yana ci mini rai, domin magabata ba haka suka zauna cikin badala ba. Lungunan tsohon birni, wanda Sarki Gijimasu ya fara kewaye shi da ganuwa, Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) kuma ya kafa masa Kasuwar Kurmi, matsattsu ne masu karkacewa, amma wanda ya san gari zai taso daga Ƙofar Mata, lungu ya miƙa shi ga lungu, har ya faɗa kasuwa. Malaman fiƙihu kuwa sun daɗe suna karantar da cewa hanya haƙƙin jama'a ce, bai halatta mutum ya ci ta da gini ba.

Yanzu mai unguwa da limamin masallacin layin suna ta lallashin masu gida biyu, kowannensu ya sadaukar da taku uku na katangarsa fisabilillahi a buɗe mafita zuwa maƙabarta. Ɗaya ya amsa tun kafin azumi. Ɗayan ya ce a dakata sai ya yi shawara da 'ya'yansa.