Tafarnuwa a Abincin Tunkiya Mai Ciki da Mai Shayarwa

Tun daga shekarar 2006, sa'ad da ƙasashen Tarayyar Turai suka haramta zuba magungunan kashe ƙwayoyin cuta a abincin dabbobi don neman ƙiba kawai, masana ilmin kiwo suka dukufa wajen binciken tsirran da za su maye gurbinsu, kuma tafarnuwa, wadda manomanmu ke nomawa da rani a fadamun Kano da Sakkwato da Kabi, tana cikin waɗanda aka fi sa wa ido. Asirinta yana cikin wani sinadari da ake kira alisin, wanda masana biyu, Cavallito da Bailey, suka ware a Amurka a 1944. Shi kuwa ba ya samuwa a cikin ƙwayar da take lafiya lau, sai an daka ta ko an tauna sannan yake tashi da warin nan da kowa ya sani, saboda haka wanda ya jefa wa dabbarsa ita a dunƙule, in ba ta tauna ba, ya rage mata fa'ida.

Amma kafin a yi batun tafarnuwa, wajibi ne a fahimci halin da tunkiya take ciki. Cikinta wata 5 ne, wato kwana 150 ko ƙasa da haka kaɗan, kuma mafi yawan girman ɗan da ke cikinta, kimanin kashi 2 cikin 3, a makonni 6 na ƙarshe yake aukuwa, a daidai lokacin da ya danne mata tumbi har ba ta iya cika shi da ciyawa kamar da; idan kuwa tagwaye ne, kuma aka bar ta da kara busasshe, sai ka ga ta ware daga garke, ta ƙi ci, ta kwanta ta kasa tashi. Wannan larura ta yunwa ce, maganinta dusa da harawa da tunkuza, ba tafarnuwa ba, ko da buhu guda aka ba ta.

Akwai kuma musiba ta biyu da makiyaya kaɗan ne suka san dalilinta. Gab da haihuwa da bayanta, garkuwar jikin tunkiya takan yi rauni, sai tsutsotsin ciki su sami sarari su yi ta zuba ƙwai, waɗanda ke fita cikin kashi su gurɓata makiyayar da 'ya'yan za su fara kiwo a kai, musamman da damina. Mafi sharrinsu wata siririyar tsutsa ce mai maƙalewa a ciki tana shan jini, alamarta kuwa koɗewar fatar ido da kumburi a ƙarƙashin haɓa.

To, a nan ne mutane suka ɗora wa tafarnuwa nauyin da ya fi ƙarfinta. Haƙiƙa wasu gwaje-gwaje sun nuna raguwar ƙwan tsutsa, da gyaruwar narkewar abinci, da ƙarin nono, amma wasu kuma ba su ga wani bambanci ba, ballantana a ce ta kai maganin tsutsa na likitan dabbobi. A ganina matsayinta matsayin yaji ne a miya: tana ƙara wa abinci mai kyau armashi, ba ta zama abincin. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, tafarnuwa da 'yar'uwarta albasa, idan suka yi yawa, suna fasa jajayen ƙwayoyin jini. Gaskiya ne tumaki sun fi shanu jure wannan, amma tunkiyar da tsutsa ta riga ta shanye wa jini, ga ciki ko goyo, idan aka ɗura mata tafarnuwa da niyyar magani, an haɗa mata ɓarayin jini biyu ke nan.

Saboda haka mai son gwadawa, ko Uda yake kiwo ko Balami ko 'Yankasa, sai ya fara da ƙwaya ɗaya, ya daka ya cuɗa cikin dusa, ya lura ko za ta ci, domin wata tunkiyar wari kaɗai zai sa ta juya wa dusar baya, alhali a wannan lokaci ƙin cin abinci ko na yini biyu hatsari ne babba. Ya sani kuma warin yana ratsawa cikin nono, abin lura ga masu tatsa don sha ko sayarwa. Idan ya ga fitsarinta ya yi ja ko ya yi duhu, ko numfashinta ya yi sauri, ko fatar idonta ta koɗe, ya tsai da tafarnuwar nan take, ya nemi malamin dabbobi ya duba ta.