Daga ina baƙin hayaƙi yake fitowa?

A dubi rufin ɗakin girki. A dubi gindin tukunya da ƙwan fitila. Baƙin nan da ya manne musu shi ake kira kunkunniya. Kunkunniya mai ne ko itace wanda bai gama ƙonewa ba. Asarar kuɗi ce, kuma cuta ce ga ƙirji.

Yadda take samuwa

Kananzir da fetur da gazuwal da gas duk abu biyu ne a cikinsu. Na farko sinadarin gawayi, wanda masana ke kira kabon. Na biyu wata iska marar nauyi mai suna haidirojin. Itace ma yana da su.

Wuta ba ta ci sai da iska. Wajen kashi ɗaya cikin biyar na iskar da muke shaƙa oksijin ne, shi ne abincin wuta. In oksijin ya wadata, mai yana ƙonewa sarai. Sai ya zama tururin ruwa da irin iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi. Harshen wutar kuwa shuɗi ne.

In iska ta yi kaɗan, zafi yana farfasa man amma ba ya cinye shi duka. Kabon ɗin da ya rage sai ya dunƙule, ya zama ƴan mitsi-mitsin ƙwayoyi baƙaƙe. Su ne ke yin ja-wur cikin wuta, har harshenta ya koma rawaya. Waɗanda ba su ƙone ba sai su tashi cikin hayaƙi.

Kowa na iya gwadawa. A riƙe cokali bisa harshen fitila na ɗan lokaci. Za a ga bayansa ya yi baƙi.

Illarta ga lafiya

Ƙwayoyin nan sun fi silin gashi ƙanƙanta sau talatin ko fiye. Hanci ba ya iya tare su. Suna shiga can cikin huhu. Suna kawo tari da ciwon ido da ciwon huhu ga yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya kashe mutum miliyan 3.2 a shekara ta 2020. Mata masu girki da jariran da suke goye su suka fi shaƙarsa.

A Gure haɗarin yana ƙaruwa lokacin hunturu, sa'ad da ake rufe ƙofa a hura wuta cikin ɗaki. Wutar da ba ta samun iska tana fitar da wata guba marar launi, marar wari. Tana sa ciwon kai da jiri, tana kashe mutum cikin barci. Kada a kwana da garwashi cikin rufaffen ɗaki.

Abin da za a yi

A yi girki a fili, ko a ɗaki mai taga. A nisanta yara daga murhu. A yi amfani da busasshen itace, kada a cika murhu har iska ta rasa hanya. Murhun zamani, irin Mai Sauƙi, yana rage cin itace, ga shi kuwa itace yana wuya a ƙasarmu mai rairayi.

A datse lagwanin fitila, kada a ɗaga shi da yawa. Fitila mai aiki da hasken rana ba ta hayaƙi ko kaɗan.

Mai injin niƙa ko injin ban ruwa ya riƙa tsabtace matacin iska, domin ƙura tana toshe shi. Baƙin hayaƙi daga inji alama ce ta man da ke tafiya a banza.

Tun shekara ta 2011 matatar mai ta SORAZ a Damagaram take fitar da gas na girki. Mai hali ya gwada shi. In wutarsa ta koma rawaya, a share ƙofofin kan murhun.

A riƙa duba launin wuta. Shuɗiya ta ƙoshi da iska, rawaya mai hayaƙi tana neman ƙari. Rigakafi ya fi magani.