Gidajen shaƙatawar sarakunan Kano da birni ya haɗiye

A ƙasashen Turai, masu yawon buɗe ido kan yi dogon layi domin shiga fadojin da sarakunan da suke komawa lokacin bazara, kamar fadar Schönbrunn da ke birnin Viyana na ƙasar Ostiriya, wadda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 1996.

Sarakunan Kano ma suna da irin waɗannan gidaje a wajen ganuwa, waɗanda suka fi shahara su ne na Fanisau da Ɗorayi da Nasarawa.

Sai dai ba don hutu kaɗai aka kafa su ba.

Gandu da ribaɗi

Fanisau, da ke arewa da birni a ƙaramar hukumar Ungogo, ribaɗi ne a zamanin Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846. Daga nan yake fuskantar Ɗan Tunku, wanda ya yi wa Kano tawaye.

A can ne Baturen nan ɗan yawon duniya, Hugh Clapperton, ya iske sarkin a farkon shekarar 1824.

Fanisau da Ɗorayi kuma gandayen sarki ne, inda bayi suke noma hatsin da ake ciyar da fada. Abin da lambun furanni yake ga sarakunan Turai, shi gona take ga sarakunan Kano.

Gidan Nasarawa kuwa ya ƙara daraja bayan da Turawan Ingila suka ci Kano a 1903, suka kafa mazauninsu a gabashin birni, a Nasarawa da Bompai. Daga baya ya zama makwancin sarakuna, kuma a nan aka binne Alhaji Ado Bayero a watan Yunin 2014.

Masana'antu sun iso

Duk wanda ya nufi waɗannan gidaje a yau, da wuya ya ga gonakin da suka kewaye su a da.

Bompai, maƙwabciyar Nasarawa, ita ce ta fara zama unguwar masana'antu. Daga bisani aka buɗe Sharaɗa, wadda ba ta da nisa da Ɗorayi, sannan Challawa.

Masaƙu da majemu da kamfanonin roba sun jawo ma'aikata, ma'aikata kuma suka buƙaci muhalli, sai aka yi ta yanka filayen noma ana gina gidaje.

Rashin wutar lantarki da shigowar kayan waje masu araha sun durƙusar da masaƙu da dama, amma gonakin da aka gine ba su dawo ba.

Sai da Sallah

Ba a mayar da gidajen wuraren adana kayan tarihi da ake sayen tikiti a shiga ba, domin har yanzu gidajen sarauta ne.

Bisa al'ada, jama'a na kusantar su ne a lokacin bukukuwan Sallah. Bayan Hawan Daushe sai Hawan Nasarawa, inda sarki kan ziyarci kaburburan magabatansa, ya kai gaisuwa gidan gwamnati, sannan ya ratsa Sabon Gari. Akan rufe da Hawan Ɗorayi ko na Fanisau, inda sarki kan wuni a gidan kafin ya komo birni da yamma.

Wannan dama ma ta gamu da cikas. A watan Mayun 2024 gwamnatin jihar ta mayar da Muhammadu Sanusi na Biyu kan karaga a Gidan Rumfa, shi kuwa Aminu Ado Bayero, wanda ya ƙalubalanci matakin, ya sauka a Gidan Nasarawa.

'Yan sanda sun hana hawa a Babbar Sallar 2024, suka kuma sake hanawa a 2025, suna masu kafa hujja da tsaro.

A tsakanin waɗannan hane-hane ne, a watan Disambar 2024, UNESCO ta sanya Hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun da ɗan Adam ya gada.

Ga yaron da ya tashi a Sharaɗa ko Bompai, hawan shi ne ranar da yake ganin dalilin da ya sa aka gina gidan da yake wucewa ta gabansa. Duk shekarar da ba a hau ba, katanga kawai yake gani.