Yadda Wayarka Za Ta Gano Dalilin Da Motar Dizal Ke Ƙin Tashi Idan Ta Yi Zafi

Akwai matsalar da ke wahalar da masu motar dizal: da safe buga ɗaya ta tashi, amma idan aka yi tafiya aka kashe ta na minti goma, sai ta ƙi. Kafin a kira bakanike injin ya huce, mota ta tashi lafiya lau. Daga nan sai a shiga canje-canje bisa hasashe, yau batir, gobe nozul, kuɗi na tafiya matsala na nan.

Maganin wannan shi ne a kama matsalar a lokacin da take faruwa, kuma wayar hannu za ta iya yin wannan aikin.

Abin da ake buƙata

Ana buƙatar ƙaramar na'urar OBD2, irin wadda ake kira ELM327. Ana soka ta a wata kafa mai ramuka 16 da yawanci take ƙarƙashin sitiyari, sai ta haɗu da waya ta Bluetooth. Ƙananan motocin dizal da aka sayar a Turai daga 2004 suna da wannan tsarin. Sai manhaja kamar Torque ko Car Scanner. Masu iPhone su nemi na'urar da ke aiki da Wi-Fi ko Bluetooth LE.

A fara da naɗar bayanan tashin mota da safe, lokacin da komai ke lafiya. Idan ta ƙi tashi da zafi, a sake naɗa, a kwatanta abubuwa uku.

1. Juyin inji (RPM)

Yayin da ake murza makulli, ya kamata manhaja ta nuna kusan 200 zuwa 300. Idan kunne na jin inji na juyawa amma allo na nuna 0, abin zargi shi ne sensar karanshaf. Siririyar wayar da ke cikinta kan yanke idan ta yi zafi, ta sake haɗewa idan ta huce. Ƙwaƙwalwar mota kuwa ba za ta saki mai ba sai ta san inji na juyawa. Lambar P0335 na nuni ga wannan.

Idan kuma juyin ya yi ƙasa sosai da na safe, a duba kik, batir da wayoyinsu, domin zafi na rage wa tsohon kik ƙarfi.

2. Matsin mai

Injin dizal na zamani ba ya fesa mai sai matsi ya kai wani mataki, a motoci da yawa wajen ba 200 zuwa 300. Dizal na tsinkewa idan ya ɗumi. Don haka nozul ko famfon da ya ci zai riƙe matsi da safe, amma da zafi sai man ya riƙa zurarewa yana komawa tanki. Idan matsin ya kasa kai na safe, ko lambar P0087 ta fito, a sa bakanike ya auna yawan man da kowane nozul ke mayarwa. Ta haka za a canza wanda ya lalace kaɗai.

3. Zafin ruwan inji

Injin da ya yi tafiya kan nuna digiri 85 zuwa 95. Idan bonet na zafi amma manhaja na nuna 20, ko -40, to sensar ko wayarta na ba ƙwaƙwalwar mota bayanin ƙarya, sai ta yi lissafin mai ba daidai ba.

Hitar inji fa? Aikinta taimaka wa inji mai sanyi ne, saboda haka da wuya ta zama sanadin ƙin tashi da zafi.

Gargaɗi biyu

Kada a goge lambobin matsala kafin a ɗauki hoton allo, domin su ne shaidar da za a nuna a gareji. Sannan kada a kwance bututun mai yayin da inji ke juyawa. Matsin cikinsa kan wuce ba 1,500, kuma feshinsa na iya huda fata.

Waya ba za ta gyara mota ba. Amma wanda ya shiga gareji da hoton allo mai nuna RPM 0 ya san sensa ɗaya za a fara dubawa, ba nozul huɗu za a sa shi ya saya ba.