Sabunta Wayoyin Lantarki a Ƙaramin Jirgin Ruwa

Gabatarwa

Tun bayan da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafkin da ya samu ya zama babbar hanyar sufuri da kamun kifi ga mutanen Yawuri da maƙwabtansu. Jiragen katako masu inji su ne motocin wannan yanki, kuma wasu daga cikinsu suna ɗauke da batir wanda ke ba fitilu da famfon kwashe ruwa wuta. Da yake ƙarfin batirin bai wuce bolt 12 ba, mutane kan raina shi, tunda ba ya jan mutum kamar wutar gida. Amma haɗarinsa yana wani wuri dabam: gobara a tsakiyar ruwa, ko mutuwar fitila cikin duhu. Mai jirgi yana iya sabunta wayoyinsa da kansa, muddin ya fahimci ƙa'idojin kimiyyar da ke cikin aikin.

Dalilin lalacewar waya

Abubuwa biyu ne ke cin waya a jirgi: laima da jijjiga. Laima tana shiga ta bakin waya ta bi cikin rigarta, sai jan ƙarfen ya yi baƙi ko kore, ya daina barin wuta ta wuce sosai. Jijjigar inji kuwa tana lanƙwasa waya a kai a kai har ta karye. Saboda haka wayar gida mai sili ɗaya ba ta dace da jirgi ba. Wadda ta dace ita ce mai ƙananan silai da yawa, musamman wadda aka lulluɓe silanta da kuza, domin kuza tana kare jan ƙarfe daga laima. Ta fi tsada, amma Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Kaurin waya da dokar Ohm

A 1827 wani masanin kimiyya Bajamushe, Georg Ohm, ya bayyana dangantakar da ke tsakanin ƙarfin turin wuta, wanda ake aunawa da bolt, da yawan wutar da ke gudana, wato ampiya, da kuma turjiyar waya. Bolt ɗin da ke salwanta a hanya daidai yake da ampiya sau turjiya. Waya siririya ko doguwa ta fi turjiya, kamar yadda siririn bututu ke rage gudun ruwa.

Alal misali, fitila mai wat 60 a gidan da ke da wuta bolt 230 tana jan kimanin rubu'in ampiya ne kawai. Fitila mai wat 60 a jirgi kuwa ampiya 5 take ja, wato kusan ninki ashirin. A ce batir yana bayan jirgi, fitila tana gaba, mita 6 tsakaninsu. Wuta za ta je ta dawo, don haka tsawon wayar mita 12 ne. Idan faɗin bakin wayar murabba'in milimita 1 ne, za a yi asarar fiye da bolt 1 a hanya, kusan kashi 9 cikin ɗari, fitila ta dushe. Idan 2.5 ne, asarar ta sauko zuwa bolt 0.42. Idan kuwa 4 ne, bolt 0.26 kacal. Ƙa'idar maƙeran jirage a Amurka ita ce kada asarar ta wuce kashi 3 cikin ɗari ga muhimman kaya irin su fitilun tafiya, wato bolt 0.36. A wannan misali ke nan, waya ta uku ce ta cancanta.

Matsayin fis

Batir ɗin da ke iya tayar da inji yana iya sakin ɗaruruwan ampiya nan take idan wayarsa ta zuwa ta taɓa ta dawowa. Cikin 'yan daƙiƙoƙi wayar ta yi ja, rigarta ta kama wuta, alhali ga katako ga jarkar fetur a kusa. Aikin fis shi ne ya narke kafin waya ta ƙone. Wato waya yake karewa, don haka kada girmansa ya wuce abin da wayar za ta iya ɗauka. Wurinsa kuma dab da kan batir mai alamar tarawa, bai fi santimita 18 ba, domin duk wayar da ke tsakanin batir da fis ba ta da kariya. Mai ɗaure fis ɗin da ya ƙone da guntun waya ko takardar gwangwanin sigari ya cire wa jirginsa mai gadi ne.

Matakan aiki

Da farko a zana taswirar kayan wuta duka a takarda, a rubuta ampiyar kowanne da nisansa daga batir. Sai a kwance batir, a fara da kai mai alamar ɗebewa, kuma shi za a mayar a ƙarshe. Daga batir, babbar waya ta bi ta fis da babban makunni zuwa akwati guda, inda kowace fitila ko famfo ke da nasa fis da makunni. Ja ce wayar zuwa, baƙa ko rawaya ta dawowa. Ko da jirgin na ƙarfe ne, ba a mayar da jikinsa hanyar dawowar wuta kamar yadda ake yi a mota, domin wutar da ta ɓace ta bi ruwa tana cin ƙarfe.

A bi da wayoyi ta sama, nesa da ruwan da ke taruwa a ƙasan jirgi, a ɗaure su aƙalla kowane santimita 45. Kada a murɗe bakin wayoyi biyu a naɗe da salatif. A matse su da kan waya na ƙarfe, a rufe da robar da ke tsukewa idan ta ji zafi. Batir kuma a ɗaure shi cikin akwatin da iska ke ratsawa, saboda yana fitar da iskar haidirojin yayin caji, wadda tartsatsi kaɗan ke iya tayarwa. Haka nan a nisanta makunni daga tankin fetur.

Game da fitilun tafiya, dokokin hana karo a teku na 1972 sun tanadi ja a hagu, kore a dama, fara a baya, domin matuƙin wani jirgi ya gane inda aka dosa.

Kammalawa

Kafin a sauka ruwa, a kunna kowane abu, a auna bolt a kan batir, a sake aunawa a bakin fitila. Bambancin shi ne asarar da aka yi a hanya. Malaman kimiyya suna iya yin wannan gwaji a aji da batir da ƙwan mota da wayoyi masu kauri iri-iri, ɗalibai su ga dokar Ohm da idanunsu. Ɗalibin da ya iya wannan lissafi yana iya duba jirgin mahaifinsa tun a bakin gaɓa, inda gyara ke da sauƙi.